Daƙiƙa Talatin a Kan Ƙafar Dama

Shekara ashirin da takwas tela tana hawa da sauka a matakala uku na ƙofar shagonta, ba su taɓa yi mata komai ba sai ranar da ta fito zubar da shara. Ƙafar dama ta gurɗe, ta ji idon sawun ya ce ƙas. Da wata ce da ta nemi wuri ta zauna. Ita kuwa ta ɗingisa ta koma ciki, ta yagi ƙyalle ta ɗaure wurin tamau kamar bakin buhu, ta hau keken ɗinki ta ƙarasa rigar da ke ƙarƙashin allura. Kafin la'asar yatsun sun yi sanyi, ƙafar ta kumbura har silifas ya ƙi shiga.

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce babu karaya, targaɗe ne, sai dai ta ƙara masa da taka keke. Ɗanta na fari, wanda take kira Babba, ya wuce da ita gidansa. Tun a mota ya fito da abin da ya daɗe yana cinsa.

"Umma, shagon nan ya isa haka. Akwai mai son wurin, zan ce masa ya karɓa."

"Da raina?" ta ce. "Ka bari in mutu tukuna."

Mai gashin ƙashin da asibiti ya tura su wajenta ce ta raba gardamar, wata doguwar mata mai sanyin hannu da taurin kai. Ta ce ranar da Mama ta tsaya daƙiƙa talatin a kan ƙafar ba ta dafa komai ba, ta koma aikinta. Babba ya ce ya ba da mako shida, in ba ta tsaya ba a rufe shago. Tela ta ce ta yarda, a gaban kowa.

Makon farko ƙanƙara ce a cikin tawul, da bandeji, da matashi biyu a ƙarƙashin ƙafa. Surukarta ke kawo ƙanƙarar, tela na mita, wai an mai da ita kifi. Da kumburi ya saɓe aka ce ta riƙa ɗaga tafin ƙafa tana saukewa sau ashirin.

"Wannan ai shi nake yi a kan keke tun kafin a haife ki," ta ce wa mai gashin.

"To yi mu gani, Mama. Sannu ba ta hana zuwa."

A na bakwai gumi ya karyo mata.

Robar motsa jiki da aka ba ta ba ta yi mata ba. Ta sa aka ɗauko mata robar ƙugun siket daga shago, ta ninka uku, ta maƙala a ƙafar gado tana ja safe da yamma. Da ta fara tsayuwa, daƙiƙa huɗu ta yi ta kama bango. Bayan kwana goma ta kai sha ɗaya. Tana yi tana zagin ƙafar ƙasa-ƙasa, kamar wata 'yar da ta ba ta kunya a cikin mutane.

Amma akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ciwon bayan da ta ɗauka halittarta ce ya tafi a mako na uku. Idonta ya daina ruwa. Tana komawa barci bayan asuba har rana ta shigo ɗaki, ba mai buga ƙofa, ba mai cewa wuyan riga ya yi faɗi. Wata rana da hantsi ta zauna a baranda hannuwanta a kan cinya, ba zare ba almakashi, sai ta ji ashe ta gaji, gajiyar da ta wuce ta ƙafa nesa. Abin ya tsorata ta. Ta tashi ta koma wajen robarta, don dai magana zarar bunu ce, kuma ta riga ta fita.

Ran cikar mako shida suka koma wajen mai gashin ita da Babba. Ɗakin na warin man zafi, wani tsoho na tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina. Mai gashin ta matsa idon sawun, ta juya shi, ta ce ta cire takalmi. Babba ya riƙe waya yana kallon agogo.

Ta ɗaga ta hagu. A goma ƙafar ta fara rawa. A sha takwas ta ga bango kusa da ita, taku ɗaya ma bai kai ba. In ta dafa shi kawai, shi ke nan, ba wanda zai ga laifinta. Za a ce ta yi ƙoƙari, tsufa ne. Hannunta har ya fara tashi. Sai ta ga Babba ya ɗago yana kallonta, leɓensa na motsi yana ƙirga mata, kamar yadda yake yi yana yaro in tana gwada masa wando. Hannun ya koma da kansa.

"Talatin," in ji shi. Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Umma, kin fi ƙarfina. Ni na yi kuskure, ashe raba ki da shagon nan zalunci ne. Ba zan sake tayar da maganar ba har abada."

Mai gashin tana ta bayanin ta riƙa hutawa bayan kowace awa, tela ba ta ji rabi ba. Ta zauna a kan benci, ta daɗe tana neman bakin takalminta da ƙafa.

"Gobe ni zan kai ki," Babba ya ce. "Ƙarfe nawa?"

Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta ga yadda yake murna.

"Bakwai," ta ce. "Ka zo da wuri, akwai shara."