Yaƙin Honarabul Bappa da Kura

A bayan Farin Dutse, inda gonaki suka ƙare duwatsu suka fara, akwai wani kogo da kuraye suka daɗe a cikinsa. Da suna da yawa. Masu sare daji don gawayi da masu ɗana tarko suka yi ta rage su, har ya zama sai mai sa'a ke ganin sawunsu. Gonar da ta fi kusa da kogon ta Inna Juwairiyya ce, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gonar da ɗan garken awaki.

Wata rana kura ta ɗauke mata akuya da ta yi nisa da garke. Washegari Inna ta tarar da jini da ƙafa guda, ta yi salati, ta ce Allah ya mayar da alheri, ta koma tsinkar wakenta. A wurinta magana ta ƙare.

Sai labari ya kai kunnen Honarabul Bappa, wani tsohon kansila da ke neman kujerar da ta fi ta da. Rijiyar unguwar ta rufta, bai zo ba. Ruwa ya cinye hanyar kasuwa, jaje ya aiko ta rediyo. Amma da akuya ta mutu sai ga shi da kansa, da jerin motoci da lasifika da mai ɗaukar hoto. Ya durƙusa a zauren Inna, babbar rigarsa tana sharar ƙasa.

"Inna, mun ji abin da ya faru. Wallahi ko abinci na kasa ci."

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

"Akuyarki, Inna."

"Au. To ai ni na yafe."

"Ba a yafe wa ta'addanci, Inna. An kafa kwamitin tsabtace daji, ni ne shugaba. Ranar Asabar za mu kawo ƙarshen kura a ƙasar nan."

Inna ta dube shi daga hula har takalmi. "Ɗan nan, akuyar tawa ce ko taka? Tun ina amarya kurayen nan suke nan. Mushen da ake yarwa a bayan gari su ke kwashewa. Gadu ba ya shiga gonata saboda su. Don sun ci mini akuya ɗaya ban ga abin tara motoci ba."

Honarabul ya juya wajen mai hoto, ya yi fuskar tausayi. "Kun gani, jama'a. Tsoro ya sa baiwar Allah ba ta ma san abin da take faɗa ba."

Kashegari Inna ta shiga mota zuwa Birnin Kudu wurin 'yar ƙaninta Sharifa, wadda ke aikin kula da gandun daji. Sharifa ta saurare ta har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya.

"Goggo, a doka ba shi da ikon taɓa su. Amma umarnin tsabtace dajin daga sama ya sauko, kuma mu ba a tambaye mu ba. Zan zo dai in faɗa masa a gaban mutane."

Ta zo kuwa. Ranar Asabar aka kafa rumfa a bakin gari, aka raba wa matasa riguna masu hoton kura an ja mata jan layi a fuska. Honarabul ya tarbi Sharifa da fara'a, ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya gabatar da ita a matsayin ƙwararriyar da ta zo ba su goyon baya. Da ta karɓi lasifika ta fara cewa doka ta hana, sai janareta ya mutu. Bai sake tashi ba sai da ta zauna.

Inna ba ta je rumfar ba. Tun da hantsi ta ɗauki tabarma da buta da carbi, ta hau dutsen tana dafa gwiwa, tana hutawa. Ta shimfiɗa tabarmar a bakin kogon ta zauna. Wari ya cika mata hanci. Daga can cikin duhu ta ji wani abu mai nauyi ya motsa, ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Ta ci gaba da jan carbinta. Ta ce a ranta, in ma cinye ta za su yi, to su yi sauri kafin mai hoto ya iso.

A haka Yunusa, sarkin maharban garin, ya same ta, shi da mutanensa da karnukansu, ɗauke da ƙirare da barkono za su yi wa kogon hayaƙi. Yunusa abokin mijinta ne tun suna samari.

"Juwairiyya, tashi don Allah."

"Kunna wutarka, Yunusa. Ni ban hana ka ba."

Ya tsaya yana kallonta. Ya dubi mutanensa, kowa ya sunkuyar da kai. Babu wanda zai tafi gida a ce shi ne ya turara tsohuwa da barkono.

Daga gindin dutsen Honarabul yana ta kwarara umarni ta lasifika. Ya gwada hawa, takalminsa mai sheƙi ya zame, yaransa suka tare shi kamar buhun gero. Daga nan ya koma jagorantar yaƙin daga cikin mota, gilashi a rufe, sanyi yana busa shi. La'asar na yi Yunusa ya zubar da ƙiraren, ya kama hannun Inna ya sauko da ita. Aka watse. Matasa suka tafi da rigunansu da ledar shinkafa.

Inna ta ɗauka an gama. Ba ta san irin mutanen da ba sa iya hawa dutse ba sa rasa dabara ba.

Bayan 'yan kwanaki wasu suka jawo mushen jaki zuwa gindin dutsen, suka tsiyaya masa maganin feshin gona. Ba a ga wanda ya yi ba, amma har ƙananan yara sun san wanda ya aiko. Da gari ya waye Inna ta fito gona ta ga abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba. Kura biyu a miƙe, bakinsu duk kumfa, ɗayar nonuwanta cike da ruwa. Ungulaye sun zube kewaye da mushen, wasu suna ta bugun ƙasa da fiffike. Ga dila, ga shaho. A can gefe Yunusa yana tsugune kan gawarwakin karnukansa na farauta, waɗanda suka kwance suka bi warin nama. Bai ɗago ba.

A rediyo kuwa, a shirin rana, Honarabul ya sanar da cewa kwamitinsa ya samu gagarumar nasara ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, ya kuma gode wa ƙwararru da suka ba da haɗin kai. Sharifa ta kai ƙara sama. Aka ce mata za a duba, aka kuma ba ta shawarar ta riƙa lura da bakinta.

Inna da Yunusa ne suka tara maza aka haƙa rami mai zurfi, don kada wani abin ya sake ci ya mutu. Suna cikin jan gawarwakin sai ga wani daga cikin mutanen Honarabul a kan babur. Ya ce mai gida yana son fatar babbar kurar, za a rataye a ofis, kuma akwai mai sayen kawunan ungulu.

Yunusa ya miƙe a hankali, shebur a hannunsa. "Sauko ka ɗauka," in ji shi.

Mutumin ya dubi sheburin, ya dubi idon Yunusa, ya juya babur ɗinsa.

Suka zuba kananzir a ramin suka cinna wuta, sa'an nan suka rufe da ƙasa, suka danne da manyan duwatsu. Inna ta wanke hannuwanta har gwiwar hannu. Yunusa ya ɗauki shebur ya nufi dutsen, ya ce zai leƙa kogon ya ga ko 'ya'yan kurar suna da sauran numfashi. Ta ce ya tsaya ta ɗebo madara.