Kwamfutar Ɗakin Ajiya

Tun ƙarfe takwas rumbun bayanan asibitin ya ƙi buɗuwa. Duk kwamfutar da aka taɓa, magana ɗaya take yi: fayil a kulle yake, wani na riƙe da shi. Marasa lafiya sun cika benci, likita na leƙowa yana tsaki. Ita kuwa Yaya, mai karɓar kati, ta zuba wa allonta ido kamar ba ta san komai ba.

Injiniya ne ke fama da abin, mijin ƙanwarta Auta, mutum mai sanyin hali da son bayani ko ba a tambaye shi ba.

"Kin gane, Yaya? Fayil ɗin guda ɗaya ne, yana zaune a kan saba, wato babbar kwamfutar asibitin, kowa daga can yake jawo shi. Wata kwamfuta ta buɗe shi don gyara, ta yi barci ba ta sake shi ba."

"To ka ɓalle makullin mana, mu huta."

"In na ɓalle alhali akwai rubutun da ba a adana ba, bayanan mutane ne za su dagule. Sai na gano mai riƙe da shi."

Yaya ta mayar da idonta kan allo. Jiya da aka tashi aiki ta karɓi makullin ɗakin ajiya wajen manaja, wai za ta ɗauko takarda. Tsohuwar kwamfutar ciki ta kunna, inda ba mai ganinta, ta buɗe shafin Auta. Sati biyu ke nan da Auta ta zo gwaji a ɓoye, ta ce, "Don Allah Yaya kar ki duba, kuma kar Injiniya ya ji. Ni zan faɗa masa da bakina." Yaya ta rantse mata. Amma ina, bin diddigi halinta ne tun suna yara. Da ta karanta abin da aka samu a ƙirjin ƙanwarta, sai ta danna maɓallin allo kawai ta fito. A zatonta ta kashe kwamfutar.

Injiniya ya bi ofis-ofis yana sa kowa ya rufe manhajar. Fayil ɗin bai saku ba. Ya koma kan saba, ya jawo jerin masu riƙe da fayil, ya yi dariya.

"Ikon Allah! Wannan tsohuwar ta ɗakin ajiya ce. Wa ke zuwa wajenta, in ba ɓeraye ba?"

Ya karɓo makullin ɗakin wajen manaja. Yaya ta bi shi a baya, takalminta na kuɓucewa.

"Injiniya, bar ni in shiga in rufe. Kai ka koma kan saba."

"Haba Yaya, ga layi na jiranki. Ai dole in ga abin da ke buɗe kafin a rufe."

Kalma ɗaya za ta ishe ta, ta ce ni ce. Kunya ta hana ta har ya buɗe ƙofar, ya danna maɓallin.

Allon ya kawo haske. Sunan matarsa ne a sama, sakamakon a ƙasa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dafa tebur mai ƙura. Sannan ya rufe shafin a hankali, kamar yadda ya kamata a yi tun jiya.

Daga waje wata ma'aikaciyar jinya ta yi shewa: "Ya buɗe! Sannu Injiniya!"

Bai waiwayo ba.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ita ta sani?"

"Ta sani."

"To kar ki gaya mata na gani. Ki bari ta faɗa min da bakinta." Ya miƙo mata makullin. "Wannan karon za ki iya?"