Iyakarka Ramukanmu

A lokacin zafi na shekarar 1915 aka kawo mana sabon jirgin sama a jirgin ƙasa, an cire fukafukansa an ɗaure a gefe kamar kazar da za a kai kasuwa. Muna zaune ne a wani fili kusa da garin Douai, cikin yankin Faransa da sojojinmu na Jamus suka mamaye. Ni, Sajan Ottmar Rehbein, na daɗe ina tuƙa tsohon jirgin leƙen asiri, ana harbina ba ni da abin ramawa, don haka da makanikena Kuno ya gama haɗa sabon, sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Kujera ɗaya gare shi, fiffike ɗaya a kowane gefe, ga bindiga mai jigida zaune a kan hancinsa. Abin mamakin shi ne, ta cikin farfela take harbi. Akwai wata 'yar na'ura a ciki da ke riƙe harsashi har reshen farfelar ya wuce, sannan ta sake shi. Ka nufi abokin gaba da hancin jirgi kawai, ka danna.

Shugabanmu, Kyaftin Strelow, sojan doki ne kafin a turo shi cikinmu, kuma bai taɓa yafe wa wanda ya turo shi ba. Ya zagaya jirgin yana shafa shi, har ya leƙa ƙarƙashinsa kamar mai duba kofato.

"Rehbein, kai za ka hau shi."

"Na gode, Yallaɓai!"

"Tsaya da godiyar. Umarni ya zo daga sama. Na'urar nan asiri ce, ba a yarda ta faɗa hannun Faransawa ba. Iyakarka ramukan da sojojinmu ke fakewa a bakin daga. Ko inuwarka ban yarda ta tsallaka ba."

"Yallaɓai, idan na koro mutum ya tsallaka fa?"

"Sai ka dawo ka sha kofi."

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe Kyaftin Strelow bai san wasa ba.

Akwai wani jirgin Faransawa da ke zuwa duk safiyar da gari ya yi garau, wani rugurguzajjen abu mai kama da kejin kaji. Mutum biyu ne a ciki, matuƙi da mai ɗaukar hoto, wani ƙato mai gemu har ƙirji. Ranar farko da na far musu, na ga tsoro a fuskarsa ƙarara. Matuƙinsa ya juya da gudu, na bi su, ina dab da samun su sai ga ramukanmu a ƙasa. Na ciji leɓe na karkata.

Mai Gemu ba wawa ba ne. Kafin mako ya zagayo ya gane inda igiyata ta ƙare. Daga nan sai ya riƙa shigowa kaɗan, ya ɗauki hotunansa, da ya hango ni ya koma bayan nasu ramukan ya yi ta shawagi. Ya cire mini hula. Wata rana kwalba ya ɗaga mini. Ni kuma ina ta zirga-zirga a wannan gefe kamar karen da aka ɗaure a bakin ƙofa, ina zaginsa cikin iska, man injin yana fesowa cikin bakina.

Man zurma ne ake zuba wa injin, kuma duk wanda ya taɓa shan sa yana yaro ya san aikinsa. Ina sauka sai in yi bayan tanti a guje.

"Sajan, a hankali!" Kuno zai yi ihu. "Da haka kake gudu a sama da tuni yaƙi ya ƙare!"

"Allah ya sa kai ma ka sha, ɗan banza!"

"Ni kabeji ya ishe ni."

Ga kuma baƙi. Duk babban hafsan da ya ji labarin jirgin sai ya zo da motarsa da muƙarrabansa, a kira ni daga cin abinci in tashi in harbi tsohuwar ganga a tsakiyar fili, su tafa. Wata rana da sanyi ya fara shigowa, na'urar ta kuskure lissafi a gaban wani janar, na harbe reshen farfelata da kaina. Jirgin ya kama karkarwa kamar zai zubar da haƙorana, da ƙyar na dire shi. Janar ɗin ya dubi Kyaftin ya ce, "Wannan ma cikin wasan ne?" Kyaftin ya ce e.

Bayan haka masana'antar da ta ƙera jirgin ta turo mutuminta. Ya ƙara tsawon fukafukai ya tafi. Ya dawo ya canza injin. Ya sake dawowa ya ɗora bindiga ta biyu, wai idan ɗaya ta cije ɗaya za ta yi. Kowane zuwa jirgin sai ya ƙara nauyi, har ya zama idan na ce ya juya sai ya yi shawara tukuna.

A wasu rundunonin, inda abokan gaba ke kutsowa can ciki, matuƙa irin wannan jirgi suna ta kakkaɓo su, ana buga hotunansu a jarida. Mahaifiyata ta aiko mini da safa daga gida, tana tambaya ko ni ba a ba ni irin nasu ba ne.

Duk wannan da sauƙi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a shagon shan giya na ƙauyen. Hotunan Mai Gemu ba na ado ba ne, su ake kai wa masu igwa. Wani kofur na sojan ƙasa, taɓo har wuya, ya dube ni ya dubi rigata mai tsabta.

"Kai ne mai jirgin nan?"

Na ce ni ne.

"Muna ganinka kullum. Kyakkyawar rakiya kake yi masa, har bakin ƙofa. Jiya sun sami wurin da muke karɓar miya. Ka san mutum nawa suka mutu da kwano a hannu?"

Na bar giyar a kan tebur, na wuce kai tsaye wurin Kyaftin.

"Yallaɓai, ko a sake ni, ko a mayar da ni tsohon jirgina. Ana kashe mutane ina kallo!"

"Rage murya, Sajan. Kana tsammani ni makaho ne?" Ya ture madubin hangen nesa da ke gabansa. "Na roƙa, an ce ana dubawa. Na sake roƙa, an ce wanda ke dubawa ya tafi hutu. Ni ma sojan wani ne."

Haka muka ci sanyin nan gaba ɗaya. Sai da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, Kyaftin ya kira ni, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"An janye umarnin. Wai wani sabon matuƙi ya ɓata hanya, ya sauka da irin jirginka lafiya lau a filin abokan gaba, har yana tambayarsu inda ake cin abinci. Sun kwance na'urar sun gani. Je ka yi yadda kake so."

"Yallaɓai, wata da watanni ina gadin abin da wani ya kai musu kyauta?"

"Fita, Rehbein, kafin in fasa wani abu."

Washegari da safe Mai Gemu ya zo kamar kullum. Na bi shi, ya tsallaka, ya juyo yana shirin cire hula, sai ya ga ban karkata ba. Hannunsa ya tsaya a kan hular. Na matso har ina ganin maɓallan rigarsa, na danna. Bindigar dama ta yi tari ta cije. Ina kokawa da ta hagu sai na ji kamar ana yayyaga zane a bayana.

Ban ma ga zuwansu ba. Wasu ƙananan jirage ne guda biyu, sababbi fil, masu fukafukai sama da ƙasa, bindigarsu a ɗore can bisa fiffike inda ba ruwanta da farfela, balle wata na'urar asiri. Na juya, kafin in gama juyawa sun riga ni. Na yi sama, suka wuce ni kamar ina tsaye. Wani abu mai zafi ya doki ƙaurina, fetur ya fara zuba a kan gwiwoyina. Na kashe injin don kada wuta ta kama, na sunkuyar da hanci, ina roƙon Allah da duk addu'ar da na tuna. Da ƙyar na shafi saman ramukanmu, na faɗa wata gonar dankali, jirgin ya kife da ni.

Ina rataye kai ƙasa na ji sukuwar doki. Kyaftin ne.

"Na'urar ba ta lalace ba dai ko?"

"Yallaɓai, sun riga sun gan ta!"

Sai ya ga jinin. Ya zagi kansa, ya zagi na sama da shi ɗaya bayan ɗaya, ya yanke bel ɗin kujerar da wuƙa, ya ɗora ni a kan dokinsa, shi kuma ya ja linzami a ƙasa har asibiti, cikin taɓo, da takalmansa masu sheƙi.

Da na fito ina ɗingishi, na tarar an janye irin jiragen daga bakin daga, an ce zamaninsu ya wuce. Kuno ya gyara nawa tsaf, aka loda shi a jirgin ƙasa zuwa makarantar koyon tuƙi can cikin Jamus. Likita ya ce ƙafata ba ta yaƙi ba ce kuma, don haka aka loda ni tare da shi. A can na ƙare yaƙin, tsaye a tsakiyar fili da sanda, ina yi wa sababbin matuƙa ihu su sauko a hankali, su kuma suna karya masa tayoyi kusan kowane mako.