'Yar Tsanar da Kawu Sabo Ya Kawo

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba, Barira tana da shekara goma sha biyu. Gidansu yana wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Babanta ya tafi Kano neman dako, a gida kuma an koma tuƙa tuwo sau ɗaya a wuni, bayan la'asar.

Kawunta Sabo gwanjo yake sayarwa a kasuwa. Wata rana ya kwance dila, ya tsinci 'yar tsanar roba a aljihun wata rigar sanyi, ya kawo mata. Barira ba ta taɓa ganin irinta ba. Nasu na ƙashi ne ko na kara, a ɗaura musu tsumma. Wannan kuwa fara ce sol, doguwa, gashi har gadon baya, ƙugunta bai fi babban yatsa ba.

Ƙawarta Asama'u, wadda ta taɓa yin wata guda a birni wajen yayarta, ta jujjuya ta a hannu. Ta ce, "Irin matan da ke aiki a cikin jirgin sama ke nan. Ba sa ɗaukar mai tumbi." Ta dubi cikin Barira ta yi dariya.

Barira gajeriya ce, baƙa, mai kumatu. Da ba ta taɓa damuwa ba. Daga ranar ta fara ɗaure cikinta da ɗankwali a ƙarƙashin zani har numfashi ya yi mata wuya. Da ta ga hakan bai rage komai ba, sai ta koma kan abinci. In Innarta Kaltume ta miƙo mata tuwo, sai ta zagaya bayan rumbu, ta yi loma biyu, ta juye wa akuya sauran. Ta lura malmalarta ta fi ta kowa girma, abin ma har haushi yake ba ta. In ta tambayi Inna ina nata, Inna takan ce, "Na ci nawa a madafa."

An yi kwana goma haka. Rannan Inna ta zagayo ɗaukar kara, ta tarar Barira ta kife kwano a gaban akuya.

"Tuwon ne bai yi miki daɗi ba?" in ji Inna.

Barira ta rasa ƙaryar da za ta yi. Ta ce, "So nake cikina ya lafe, Inna. Kamar na 'yar tsanata."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ture akuyar da gwiwa, ta sunkuya ta ɗauki abin da ya rage na tuwon, ta kakkaɓe ƙasar da yatsa. Sai ta juya baya ta cinye shi a tsaye, da sauri, har da ɗan ɓarɓashin da ya maƙale a tafin hannunta. Barira tana kallon ƙasusuwan kafaɗar Inna sun turo riga. A nan ta gane Inna ba ta cin komai a madafa.

Inna ta ɗebi karan ta ce, "Kwance abin nan da kika ɗaure ciki da shi, kar ya ji miki ciwo." Ta wuce.

Barira ta daɗe a tsugune a wurin. Kuka ma ya ƙi zuwa.

Washegari da aka sauke tuwo, ta ɗauko kwanonta ta ajiye a gaban Inna, ta zauna kanta a sunkuye. Ta ce ba za ta ci ba sai tare. Inna ta wanke hannu. Suka ci tare.

Inna ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Baba da ya dawo da damina. Amma Barira ta fi wata guda ba ta iya haɗa ido da ita ba.