Ɓargon Yaya

Tun da aka yi min dashen ɓargo, Yaya ya mayar da ni kayansa. Daga ƙashin ƙugunsa aka zuƙo aka sa min, kuma bai bar kowa ya manta ba. In na yi dariya a falo sai ya ce wa baƙi, "Kun ji ɓargona yana aiki." In na ƙi aikensa ya dafe ƙugu, wai wurin allurar ke masa zogi. Na yi godiya har bakina ya gaji.

Ana nan ciwo ya sake kwantar da ni a asibiti. Likita ta jawo kujera kusa da gadona, Mama na gefe tana ɓare lemo da wuƙa.

"Ba tsohon ciwonki ba ne," in ji likita. "Sabo ne, daga ɓargon da aka dasa miki ya taso. Akwai matsala a ƙwayoyin halittar yayanki, da ita aka haife shi, gwajin wancan lokacin bai gano ta ba. A jikinki ta fara farkawa. Ku kawo shi a duba shi tun ana iya yin wani abu."

Likita na fita Mama ta ajiye wuƙar.

"Ba za ki faɗa masa ba."

"Mama, cewa fa aka yi a duba shi."

"Yaro ya yi alheri a ce shi ya cuci ƙanwarsa? Da wane ido zai kalli mutane? Ke kin saba da ciwo, shi bai saba ba."

Wallahi ko allurar ƙashi ba ta yi min zafin wannan maganar ba. Na juya na kalli bango.

Da yamma Yaya ya shigo, turarensa ya cika ɗakin. Mama ta riga ta ce masa tsohon ciwon ne ya dawo.

"Ke kam ba a yi miki gwaninta," ya ce. "Na ba ki lafiyayyen abu kin lalata shi. Kada ma a sake kallona, ɓargona ba rijiya ba ne."

Ya miƙa hannu zai ɗauki lemo, hannun rigarsa ya zame. A damtsensa na ga baƙin tabo na kwanciyar jini, faɗinsa ya kai murfin kofi. Da irinsa nawa ciwon ya fara.

"Ban ma san inda na buge ba," ya ce, ganin ina kallo.

Mama ba ta ɗago kai ba. Na kama hannun rigar, na ja masa shi a hankali har ya rufe wurin.

"Ba komai ba ne, Yaya," na ce. "Sha lemonka."