Sallamar da Ta Zo Daidai F6

A zamanin gwamnatin Inkaz, ana dab da yankan riɗi, Sharu Jatau ya sayo wa ofishinsa na kasuwar Gadarif wata ƙatuwar kwamfuta da ake ce wa saba, ya danƙa ta a hannun ɗan ƙanwarsa Ɗayyabu. Shi Ɗayyabun nan, tun da ya yi ɗan kwas a Khartum ya hana kowa sakat, wai muhandis, wato injiniya, za a riƙa ce masa.

"Ka ta da jihaz ɗin nan kafin Juma'a," in ji Sharu. "In ya gagare ka, ga lauje, ga motar Simsim."

Ɗayyabu kuwa ya tsani aikin gonakin riɗi na Simsim kamar me. Rana, kunama, ciwon baya. Allah ya kiyaye!

Ya kunna kwamfutar, jihaz ya yi gurnani, sai shasha, wato allonta, ta rikiɗe ta koma shuɗiya, wai ba ta ga faifan ajiya ba. Faifai kuma ga su nan reras a ciki! Ashe katin da ke kula da su ne yake son ta'arif, ɗan shirin da zai gabatar da shi ga na'ura. Shafin intanet da ake saukewa takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar ya toshe shi. Da ƙyar ya samo ta'arif ɗin a tsohon filofi wajen Munira mai buga takardu.

Saura abu ɗaya tak. Idan an fara ɗora tsarin, wani ɗan rubutu zai leƙo a ƙasan shasha ya ce a danna F6 don a ɗauko ta'arif daga filofi. Ƙiftawar ido ya wuce, sai a koma farko.

To, ofishin Sharu ba ya rabo da mutane, kuma mutumin Gadarif ba ya sallama a gurguje. Rubutun na leƙowa, sai ga Hamisu dillali: "Salamu alaikum, ya muhandis!" Dole a miƙe, a dafa kafaɗa, a yi musafaha. Kef? Tamam? Ya gida, ya Hajiya, ya damina? Ko da Ɗayyabu ya waiga, shasha ta yi shuɗi.

Ya sake. Sai ga Taha direba. Ya sake, aka ce faɗur, wato karin kumallo, ya sauka, ga waken ful yana hucewa, wa ya isa ya ƙi sa hannu? Haba jama'a! Har sakata ya sa, suka zagayo ta taga suna tambayar ko lafiya.

Ranar Alhamis da hantsi haushi ya kai masa wuya. Ya rantse ko wa ya shigo ba zai ɗaga kai ba. Ya kafa ido, yatsa bisa maɓalli.

"Salamu alaikum."

Ɗayyabu ko kallon ƙofa bai yi ba.

"Na ce salamu alaikum!"

Ƙyat! Ya danna. Filofi ya yi ƙurr, faifai suka bayyana. Ɗayyabu ya daka tsalle yana kabbara, ya juyo, sai ga Sharu tsaye da manyan baƙi daga Mafaza, hannunsa a miƙe har yanzu.

"Kawu, ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Sharu ya janye hannunsa a hankali, kunya da fushi sun cika shi.

"Mabruk, barka. Jihaz ya samu tarbiyya, saura kai. Motar Simsim bayan La'asar take tashi."