Ramuka Biyar a Gindin Katangata

"Ki bi a hankali da na huɗun, akwai kwalba a ciki," in ji Malam daga bayana.

Na saki fartanyar. Ina durƙushe a lungun da ke tsakanin katangata da tasa, ramuka uku a buɗe a gabana. Shi kuma yana dafe da bango, numfashi na ƙwace masa. Sati shida ciwo ya hana shi fita, amma yau da ba na son kowa ya gan ni, sai ga ƙafa ta samu.

Shekara talatin Malam ya yi yana horar da masu shirin zama malaman makaranta, ko da ya ajiye aiki ba su bar shi ya huta ba. Ni dai ban taɓa yarda da karatun da babu allo babu alli, sai tsince-tsincen shara ba. Ranar da na leƙo ta taga na gan shi da wata ɗalibarsa da muke kira Doguwa suna binne abubuwa a gindin katangata, raina ya ba ni asiri ne ake yi min. A satin keken ɗinkina ya karya allura huɗu, masu kawo min ɗinki biyu suka ɗauke ƙafa. Wata biyu abin yana cina kafin na ɗauko fartanya.

"Malam, ka ji tsoron Allah," na ce. "Wannan ƙyallen ɗinkina ne. Me ya kai shi ƙarƙashin ƙasa?"

"A sharar ƙofarki na tsinta. Laifina ne da ban tambaye ki ba." Ya zauna a kan dutse da ƙyar. "Doguwa ce ta kawo min darasi a rubuce, wai leda ba ta ruɓewa, yara ku maimaita. Na ce za su haddace, su fita su yar da ledar a bakin aji. Gara ta kawo su nan su tono da hannunsu. Sati mai zuwa masu duba koyarwarta za su zo. A kan darasin nan za a ba ta takarda ko a hana ta."

Bakin malami ke nan, na ce a raina, ai ba zai rasa amsa ba.

"To a sake binnewa mana."

"Wata biyu ake jira. Ita ba ta da wata biyu, ni ma ban ga alama ba." Ya nuna ramin farko da sandarsa. "Me kika samu a nan?"

"Ba komai. Baƙar ƙasa da tsutsa."

"Ɓawon ayaba ne. Kin ga har kin koyi darasin. Ki gaya mata yadda kika gani."

Wato so yake in tona kaina a gaban mutane. Yana shigewa gida na haƙe sauran biyun, na kwashe komai a gwangwani na tura ƙarƙashin keke.

Kwana uku bayan nan ya rasu, da hantsi, ina cikin sa wa wata riga hannu na jiyo kukan matarsa. Allah ya yafe min, abin da ya fara zuwa raina shi ne ko ya gaya mata. Na zauna kusa da ita ina karantar fuskarta. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Maƙwabciya, ke ma kin yi rashi."

Doguwa na samu a lungun da yamma, idanunta sun kumbura, tana kallon ramukan.

"Inna, kin ga wanda ya yi wannan? Jibi ne fa darasin."

Saura kaɗan in ce awaki. A nan na gane bai gaya wa kowa ba, kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina.

"Shigo," na ce.

Na juye gwangwanin a kan tabarma. Ga leda kamar yau aka saya, ga kwalba, ga takarda ta zama dusa. Ta daɗe tana kallo ba ta kalle ni ba.

"Mu mayar da su mu rufe," na ce. "Wa zai sani?"

"Ni. Ba haka ya koya min ba." Ta share hanci. "Ke kika tono, Inna. Ki zo ki gaya musu abin da kika gani a kowane rami."

"Har da dalilin?"

"Yara ne. Za su tambaya."

Na yi tunanin iyayen yaran, rabinsu ni ke yi musu ɗinki. Kafin azahar unguwa duk ta ji.

"Ƙarfe nawa?" na ce.

"Tara."

Ta buɗe littafinta ta fara rubutu. Na ɗauki ƙyallen zan ajiye gefe, ya marmashe a hannuna. Zaren roba kaɗai ya rage, a naɗe a yatsana, da sawun ɗinkin a jikinsa.